Kalmar “Hoto” da Sankarar Mama ta Gado: Tsokaci daga Kankiya da Kusada

A bakin majinyata na Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmar “hoto” ta haɗe eksire da sikanin masu juna biyu. Wannan faɗaɗar ma’ana tana ɓoye muhimmin bambanci: sikanin da sauti yake aiki, alhali hasken eksire yana iya lahanta ƙwayoyin halitta.

Gyara irin wannan lahani yana cikin aikin ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2. Macen da ta gaji naƙasassu, ta wajen uwa ko uba, gyaran yakan raunana a jikinta. Binciken 2012 kan irin waɗannan mata 1,993 a Faransa da Birtaniya da Holan ya danganta hoton eksire kafin shekara 30 da ƙaruwar haɗarin sankarar mama. A Ibadan kuwa, binciken 2018 ya sami naƙasar a kusan kashi 11 cikin 100 na masu cutar.

Don haka ya wajaba masana harshe su keɓe wa kowane hoto sunansa, a kuma koyar da sunayen a Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya. Manufar ba ƙauracewa hoton da ya zama dole ba ce, sai dai budurwar da cutar ke danginta ta sanar da likita tukuna.