Ido Ya Gani, Amma Me Ƙwaƙwalwa Ta Ajiye?

A watan Yuli na 1984, wani mutum ya kutsa gidan wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson a garin Burlington na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, ya ɗora mata wuƙa a wuya ya yi mata fyaɗe. Duk da firgicin da take ciki, ta ƙura wa fuskarsa ido don ta shaida shi. Da 'yan sanda suka nuna mata hotuna, sai ta zaɓi Ronald Cotton. A 1985 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Cotton ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙolin jihar kuwa ta soke hukuncin, domin an hana masu taya alƙali shari'a jin cewa wata matar da aka afka wa a daren nan ba shi ta nuna ba. Aka sake shari'a a 1987. An kawo wani fursuna, Bobby Poole, gaban Thompson, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Aka sake ɗaure Cotton.

Shin ƙarya ta yi? Ko kusa. Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da ake juyawa a ji abin da aka ɗauka. Sashen da ake kira hifokamfas yana haɗa gutsattsarin abin da aka gani da wanda aka ji, kuma duk lokacin da mutum ya tuna, sabon gini yake yi. Tsananin tsoro kan raunana wannan aiki, hankali kuma yakan tafi ga makami ya bar fuska. Da zarar ta zaɓi hoton Cotton, fuskarsa ta fara maye gurbin ta ainihi, kowace tunawa tana ƙara mata sakankancewa.

Tambaya ma tana iya gurɓata tunani. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota. Bayan mako guda, 16 cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargazawa suka ce sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka ce wa motocin sun bugi juna, 7 ne kawai. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Malamai na iya maimaita irin wannan gwaji a aji.

A 1995 gwajin ƙwayar halitta ta DNA ya wanke Cotton, ya kama Poole. Cotton ya fito bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku.