Basamariye da Mai Masauki: Darasi a kan Nema wa Marasa Gida Wurin Zama

Abin karatu: Luka 10:29-37, Filimon 17-19, Karin Magana 22:26-27.

Babu wani a cikinmu wanda bai san labarin Basamariyen nan ba, wanda ya tarar da mutum yashe a hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko, 'yan fashi sun yi masa dūka, sun bar shi rai a hannun Allah. Mukan yabi Basamariye, mukan zargi firist da Balawi. Amma akwai mutum guda a cikin labarin wanda ba kasafai mukan tuna da shi ba, shi ne mai masauki. A kansa darasinmu na yau zai tsaya.

1. Abin da Basamariye ya yi

Basamariye matafiyi ne, ba shi da gida a bakin wannan hanya. Da ya ɗaure raunukan mutumin, sai bukata ta biyu ta taso, wato ɗakin da zai kwanta har ya warke. Ɗakin kuwa yana hannun wani. Saboda haka ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya yi abu uku. Ya ba mai masauki dinari biyu, wato ladan ma'aikaci na kwana biyu. Ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa. Ya kuma ce zai komo.

Ku lura, 'yan'uwa, bai roƙi mai masauki ya yi aikin a kyauta ba, bai kuma tsaya yi masa gargaɗi a kan rowa ba. Ya san mutumin nan da masaukinsa yake cin abinci. Ya ɗauke masa tsoron hasara, ƙofa kuwa ta buɗu.

2. Tsoron mai gida

A garuruwanmu akwai masu kwana a tashar mota, da rumfunan kasuwa, da ƙarƙashin gada. Akwai gwauruwar da dangin miji suka fitar, da wanda aka sallamo daga kurkuku, da iyalin da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu. A garuruwan nan kuma akwai ɗakuna a kulle, gizo-gizo yana saƙa a cikinsu. Me ya tsaya tsakani?

Kada mu yi saurin cewa taurin zuciya ne. Mai gida yana tsoron abu huɗu: kada a hana shi kuɗin haya, kada a lalata masa gini, kada baƙon ya dami maƙwabta, kada kuma rigima ta tashi ya rasa wanda zai kai wa ƙara. Domin wannan ne yakan nemi kuɗin shekara guda tun gaba, ga na dillali, ga kuma mai tsaya wa ɗan haya. Wanda ba shi da na abincin dare, ina zai sami waɗannan? Sau da yawa mai gidan ma tsoho ne wanda ya zuba ƙarfin ƙuruciyarsa duka cikin ɗakuna huɗu, da su yake ciyar da iyali. Shi ma maƙwabcinmu ne, ƙaunar da aka umarce mu kuwa ta haɗa da shi.

3. Misali daga Landan

A shekara ta 1865 wata mace mai tsoron Allah, sunanta Octavia Hill, ta soma aiki a cikin matalautan birnin Landan. Wani marubuci mai suna John Ruskin ya ba da kuɗi aka karɓi gidaje uku a unguwar Marylebone, gidaje masu ƙazanta waɗanda suka lalace ƙwarai. Sharaɗinsa shi ne dukiyar ta riƙa kawo ribar kashi 5 cikin 100 kowace shekara, domin waɗansu masu dukiya su ga cewa saukar da matalauci ba zubar da kuɗi ba ne, su ma su shigo.

Ga yadda ta tafiyar da aikin. Kowane mako ita da matan da ta koya wa sukan bi ɗaki ɗaki suna karɓar haya. Ta haka suka san kowane iyali, suka san wanda ba shi da lafiya da wanda aiki ya kuɓuce masa. Abin da ya ragu bayan an fitar da rabon mai dukiya, sai a sa shi cikin gyaran gida, tare da shawarar mazauna. Ba ta wasa da bashi, wanda ya ƙi biya da gangan takan sallame shi. Da masu gidaje suka ga hayarsu tana shigowa, gini kuma yana gyaruwa, suka yi ta danƙa mata nasu. A shekara ta 1884 hukumar da take kula da dukiyar Ikkilisiyar Ingila ma ta ba ta riƙon waɗansu gidajenta a kudancin Landan. Ta rasu a 1912.

4. Misali daga Amurka

A shekara ta 1992 wani masanin halin ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiya mai suna Pathways to Housing a birnin Niyok, domin mutanen da suka daɗe suna kwana a titi, masu taɓin hankali, waɗansunsu kuma mashaya. Al'adar da aka saba a lokacin ita ce a ce wa irin wannan mutum ya bar shaye-shaye, ya karɓi magani, sa'an nan a duba ko ya cancanci ɗaki. Shi kuwa ya juya tsarin, ya ce gida tukuna, gama wanda bai san inda zai kwana ba da wuya ya riƙe shan magani.

Ƙungiyar ta nemi ɗakunan haya a hannun masu gidaje, warwatse cikin unguwanni, a tsakiyar sauran jama'a. Ɗan haya yana biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ana cika sauran daga taimakon hukuma. Ma'aikatan ƙungiya suna ziyartarsa a kai a kai, akwai kuma wanda za a kira dare ko rana in wani abu ya faru. Wani bincike da aka buga a shekara ta 2000 ya nuna cewa cikin shekara biyar, kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka saukar ta wannan hanya suna nan cikin gida, alhali waɗanda suka bi tsohuwar hanya kashi 47 ne. Ƙasar Finlan ta ɗauki wannan tafarki ya zama tsarinta na ƙasa a shekara ta 2008.

Ashe, abu ukun nan na Basamariye su ne dai: kuɗi a hannu, da lamuni, da komowa.

5. Wata tambaya mai nauyi

Wani dattijo zai ce, ai Littafin Karin Magana ya gargaɗe mu a kan ɗaukar lamunin bashin wani, har ya nuna mutum yana iya rasa gadon da yake kwana a kai. Gaskiya ne, kada kuwa mu raina wannan gargaɗi. Yana hana mu alkawarin garaje, wanda mutum yakan yi don kunya ko neman suna, ba shi da abin cikawa. Amma Manzo Bulus ya tsaya wa Unisimas a gaban Filimon, ya ɗauki bashinsa a kansa, ya rubuta da hannunsa. Bambancin shi ne Bulus ya san mutumin, ya kuma san abin da ya ɗauka. Alkawari kaya ne, sai a auna shi kafin a aza a ka. Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka lamunin nan aikin ikkilisiya ne gaba ɗaya, kada a bar wa mutum guda.

6. Abin da ikkilisiya za ta yi

Na fari, dattawa su keɓe wani rabo daga baiko, a ajiye shi dabam a hannun ma'aji domin wannan aiki kaɗai. Kada a yi lamunin da ya fi abin da ke cikin asusun.

Na biyu, a zaɓi mutum biyu masu hankali su je wurin masu gidaje, Kirista da Musulmi duka, da ladabi. Su fara da jin abin da mai gida yake tsoro. Su roƙe shi ya karɓi haya wata wata, ikkilisiya kuwa ta ajiye masa na wata uku jingina.

Na uku, a faɗi gaskiya. In mutumin ya taɓa shiga kurkuku, ko yana fama da sha, a nemi yardarsa a sanar da mai gida abin da ya wajaba ya sani. Ƙarya guda takan rufe ƙofa goma.

Na huɗu, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu da mai unguwa: nawa ɗan haya zai biya, nawa ikkilisiya za ta cika, har wane lokaci, wa zai gyara abin da ya lalace. Ɗan haya ya riƙa biyan wani abu ko kaɗan ne, gama wannan yana tsare masa mutuncinsa.

Na biyar, a riƙa komowa. A nan ne yawancinmu mukan kāsa. Mukan yi murna ranar tarewa, sa'an nan mu ɓace. Bari wani ɗan'uwa, ko wata daga zumuntar mata, ya riƙa leƙawa kowane mako kamar aboki. In mai gida ya kawo kuka, a amsa a ranar. In an yi ɓarna, a biya ba tare da gardama ba. In zaman ya ƙi daɗi, a nema wa mutumin wani ɗaki, kada a mai da shi titi, kada kuma a bar mai gida da kayan da ba shi ya ɗauko ba.

Ku kuma masu gidaje da ke cikinmu, ku tuna da macen nan ta Shunem wadda ta gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki a kan soro, ta sa gado da tebur da kujera da fitila. Ku tuna kuma a daren da aka haifi Mai Cetonmu, ba a sami wuri dominsa a masauki ba. Shi ne ya tsaya mana, ya biya bashin da ba mu da ikon biya. In akwai ɗaki a kulle a gidanka, ka faɗa wa dattawa kafin Lahadi mai zuwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku Basamariye ya yi domin mai masauki?
2. Me ya sa Ruskin ya nemi riba daga gidajen matalauta?
3. Ta yaya za mu daidaita gargaɗin Karin Magana da abin da Bulus ya yi?
4. Wa ka sani a unguwarku wanda ba shi da wurin kwana, wa kuma yake da ɗaki a kulle?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mafakar marasa mafaka, ka buɗe idanunmu mu ga masu kwana a waje. Ka ba masu gidaje zuciyar tausayi, ka ba 'yan haya riƙon amana, mu kuma ka ba mu gaskiya mu cika abin da muka alkawarta. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.