Hannun jari ba shi da kaka

Aikina riƙe littattafan lissafi ne. A nan Gaya nake zaune, ina haɗa wa 'yan kasuwa lissafin shiga da fita: masu shinkafa, masu gwanjo, masu kantin magani, waɗanda kayansu ke sauka a Kwatano su biyo ta Malanbil, wasu su tsaya nan, wasu su zarce Kamba. Mutanen nan sun san farashi kamar yunwar cikinsu. Ka tashi ɗayansu daga barci, zai faɗa maka yadda buhun gero ya kwana a kakar bara da yadda ya kai da bazara. Wannan sanin ne kuma yake kai wasunsu ga asara idan suka shiga kasuwar hannayen jari, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu.

A farkon shekarar 2022 wani Alhaji da nake yi wa aiki, mai sayar da safar hannu da sirinji da na'urar awon jini, ya shigo da salula a hannu. Ya nuna mini zanen farashin hannun jarin Philips, layi ya hau dutse ya gangaro. Ya ce, "Malam, duba nan. Bara yana kusan Yuro 50, yau yana wajen 30. Kamfani ne babba, tun muna yara muke jin rediyonsu. In na saya yanzu na ajiye, ai dole ya koma inda ya fito."

Na ce, "Alhaji, wane ne zai mayar da shi?"

Shi lissafin gero yake yi. Gero yana araha da kaka saboda kowa ya girbe, yana tsada da bazara saboda rumbu ya yi ƙasa, kuma baɗi haka za a sake. Wanda ya saye da kaka ya ɓoye yana da dalilin jira, don shekara ce ke juya farashin. Hannun jari ba shi da wannan juyi. Tsohon farashinsa labari ne na abin da mutane suka yarda su biya a wata rana, bisa abin da suka sani a ranar. In abin da suka sani ya canza, tsohon farashin ba ya bin kowa bashi.

Sai muka zauna muka bi zanen da kwanan wata. Wannan shi ne aikin farko, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa: duk inda layi ya karye, ka nemi ranar, ka nemi abin da ya faru. A watan Yuni na 2021 Philips ya sanar da janye miliyoyin na'urorinsa na taimakon numfashi, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya rududdugewa, mara lafiya ya shaƙa. Daga nan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa ido, ƙararraki suka taru a kotu, babu wanda ya san nawa za a biya diyya. Ka ga ba arahar kaka ba ce. Masu sayarwa suna gudun bashin da ba a san girmansa ba ne. Kafin ƙarshen 2022 hannun jarin ya gangaro wajen Yuro 13, an sauya shugaban kamfanin a watan Oktoba, an kuma sanar da sallamar ma'aikata 4,000, aka ƙara 6,000 a watan Janairu na 2023. Da Alhaji ya saya a 30, da ya ga fiye da rabin kuɗinsa ya narke cikin shekara guda.

Kamfanonin na'urorin asibiti haka suke, ba kamar na siminti ko na sukari ba. Takarda ɗaya daga hukuma, ta amincewa ko ta hani, tana iya ɗaga su ko ta kayar da su a yini ɗaya. Annoba ma haka. A 2020, da korona ta rufe duniya, hannun jarin Top Glove na Malesiya, wanda ya fi kowa yin safar hannu ta roba, ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni. Alhaji da kansa ya tuna yadda katon ɗin safa ya yi tsada a lokacin. Da allurar rigakafi ta fito, masana'antu suka yi yawa, farashin safa ya faɗi, hannun jarin ya bi shi har ya koma ƙasa da ringit ɗaya a 2022. Wanda ya ɗauki ƙololuwar 2020 a matsayin farashin gaskiya, ya ɗauki ambaliya a matsayin zurfin kogi.

Akwai kuma maganar rediyo da ya yi. Philips ɗin da ya sani da na yau ba ɗaya ba ne. Sashen ƙwan fitila ya ware a 2016, yanzu sunansa Signify. Sashen dutsen guga da kayan girki an sayar da shi a 2021. Abin da ya rage na'urorin ɗaukar hoton jiki ne, da na lura da majinyaci, da kayan kula da lafiyar jiki. Sunan bai canza ba, layin zanen ma bai yanke ba, amma farashin shekaru ashirin baya na wata sana'a ce daban.

In ka buɗe jadawalin tarihin farashi za ka ga kowace rana tana da layinta: farashin buɗewa, mafi sama, mafi ƙasa, na rufewa, sai wani na rufewa da aka daidaita, sai yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu. Na biyar ɗin nan shi ne abokin mai lissafi. Kamfani kan raba hannu ɗaya zuwa da yawa, kamar yadda ake canza jika goma zuwa jika-jika. Kuɗin bai ragu ba, takardun ne suka yi yawa. Top Glove ya ba masu jari ƙarin hannu 2 a kan kowane 1 a watan Satumba na 2020. Sonatel ta Senegal ta raba kowane hannu gida 10 a 2012. A jadawalin da ba a daidaita ba, sai ka ga kamar kamfani ya rushe a dare ɗaya, alhali babu wanda ya yi asarar ko dala. Farashin da aka daidaita yana gyara wannan, a wasu jadawalan har da ribar da aka raba wa masu jari. Kada ka gwada farashin yau da tsohon da ba a daidaita ba.

Shafin ƙarshe, na yawan ciniki, ya fi damun mu na nan yankin. A kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 don ƙasashe 8 masu kuɗin sefa, har da Nijar, akwai hannayen jarin da ba sa motsi sosai. A kasuwar Legas ma ƙananan kamfanoni haka suke. Farashi na iya zama a rubuce kwana da kwanaki, ba don yana da ƙarfi ba, don babu mai saye ne. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin farashin da aka yi wa kaya da farashin da aka sallama.

To, sai kuɗin da aka rubuta farashin da shi, kuma a nan mutumin Gaya ba ya bukatar dogon bayani. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan kowane Yuro ɗaya, don haka zanen da ke cikin Yuro kai tsaye yake karantuwa a aljihunmu. Naira ba haka ba. A Legas akwai kamfanonin lafiya irin su Fidson da May & Baker masu haɗa magani, da Morison mai harkar kayan asibiti. Amma kafin Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A ce ka canza jika 100 a farashin gwamnati ka sayi hannun jari a Legas, ya ninka biyu a naira cikin wannan tsakani. Zane zai nuna maka dutse mai kyau. Ka kawo kuɗin wurin ɗan canji, abin da zai ƙirgo maka bai fi jika 60 da 'yan kai ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda zanen yake fitowa. Na Alhaji wani ne ya turo masa ta WhatsApp, tare da shafin da za a zuba kuɗi. Zanen gaskiya ne, kowa na iya samunsa kyauta a intanet. Shafin ne babu wanda ya san mai shi. A ƙasashenmu ana sayen hannun jari ta hannun kamfanin dillanci mai lasisin hukumar AMF-UMOA, kuma akwai irinsu a Yamai. A Najeriya sai dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista. Fitar da kuɗi waje don zuba jari kuwa yana da nasa ƙa'idojin, na ma'aikatar kuɗi da babban bankin BCEAO. Batun halacci, musamman na kamfanin da bashin ruwa ya yi wa yawa, wannan ka kai wa malaminka tare da takardun kamfanin.

Ko ba za ka sayi hannun jari ba, tarihin farashin yana da amfani ga mai sana'ar kayan asibiti. Ina gaya wa masu kanti da masu ƙananan gidajen likita: in kun ga kamfanin da kuke sayen na'urarsa ya yi faɗuwar farat ɗaya, ku bincika ko janye kaya aka yi. Na'urorin asibiti na gwanjo suna shigowa yankinmu, kuma na'urar da aka janye a Turai ba ta da tambari a goshi. Lambar da ke jikinta ce za a duba a gwada da sanarwar kamfanin.

Alhaji bai saya ba, kuɗin ya zuba su a kayan kantinsa. A ƙarshen Afrilun 2024, lokacin gadar Malanbil na rufe ana ƙetara kogi da kwalekwale, ya sake shigowa da salular. Philips ya amince zai biya dalar Amurka biliyan 1.1 don kashe ƙararrakin Amurka, hannun jarin ya tashi kusan kashi 30 cikin 100 a yini ɗaya. Ya ce, "Malam, ka gani? Ai na ce zai tashi." Na jawo takarda na rubuta masa 30, farashin ranar da ya so saye, na rubuta 25 a ƙarƙashinsa, wajen inda ya tsaya bayan wannan babban tsalle. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in buɗe littafin sirinji mu ga abin da ya rage.