Darasi na 14: Yini ɗaya a kan dutsen Gbazabangi

Ranar Asabar da sassafe Malam Isa ya tara 'yan aji biyar a bakin babban masallacin Kilomita Biyar. Unguwar ta sami sunanta ne saboda kilomita 5 ke tsakaninta da tsakiyar Bangi. Kowane yaro ya riƙo gorar ruwa da guzurin burodi da gyaɗa. Suka shiga mota zuwa cikin gari, daga nan suka kama hawan dutsen Gbazabangi da ƙafa.

Da suka shiga kurmi sai iska ta yi sanyi. Tsuntsaye suna ta kuka a cikin ganye. Hantsi ya yi kafin su kai sama. Daga can suka hango kogin Ubangi, da garin Zongo a tsallake, cikin ƙasar Kwango.

Malam ya ce, "A bakin kogin nan Faransawa suka kafa Bangi a shekarar 1889."

Wajen saukowa suka bi ta wani wuri da aka sassare itatuwa. Ruwa ya yanka kwazazzabo a ƙasa.

Garba ya ce, "Malam, ai gara a sare. Innata da tsada take sayen gawayi."

Malam ya ce, "Gaskiya ne, gawayi ya yi tsada. Amma tsuguna ka taɓa ƙasar gindin wancan itace."

Garba ya taɓa, ya ji danshi.

Malam ya ce, "Ganye yana rage ƙarfin ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse a hankali. In babu itace, ruwa ya gangara da gudu, ya kwashi laka, ya toshe magudanai, ya shiga gidajen mutane. Shi ya sa gwamnati ta keɓe wannan kurmi."

Garba ya yi shiru. Ya tuna damanar bara, da ruwa ya rusa katangar gidansu. Kafin la'asar suka tsince ledojinsu, suka koma gida.

Kalmomi
kurmi: forêt
saiwa: racine
kwazazzabo: ravin

Tambayoyi
1. Me yara suka hango daga saman dutse?
2. Wane aiki saiwa take yi?
3. Da kai ne Garba, me za ka faɗa wa innarka?