Furojestaron: Sinadarin da Ke Riƙe Ciki

Akwai wani sinadari a cikin jinin mace wanda likitoci ke kira furojestaron. Shi ne mai riƙon ciki tun daga shigarsa har zuwa haihuwa. A shekarar 1934 masana suka fara tace shi zalla.

Inda Yake Fitowa

Kowane wata, idan ƙwan mace ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari shi ke sarrafa wannan sinadari, domin ya ƙara wa shimfiɗar cikin mahaifa kauri, ƙwan ya sami wurin zama. In ciki bai shiga ba, bayan kamar kwana 14 sai sinadarin ya ragu, shimfiɗar ta zube. Wannan shi ne jinin haila. In kuwa ciki ya shiga, gurbin nan yakan ci gaba da aiki har wajen mako na 10, sa'an nan mabiyiya ta karɓa.

Ayyukansa

1. Yana kwantar da naman mahaifa, don kada ta takure ta koro ɗan tayi tun lokaci bai yi ba.

2. Yana toshe bakin mahaifa da majina mai kauri, wadda ke tare ƙwayoyin cuta.

3. Yana shirya mama, amma yana hana nono zuwa sai mabiyiya ta faɗo. Shi ya sa nono ba ya kawowa sosai sai bayan kwana biyu ko uku da haihuwa. In wani yanki na mabiyiya ya saura a ciki, nono yakan yi jinkiri.

Da yake yana sassauta hanji da bakin tumbi, mai ciki takan yi fama da taurin bayan gida da ƙwannafi. Yawan shan ruwa, da cin ganye, da cin abinci kaɗan-kaɗan suna kawo sauƙi.

Gargaɗi

Yawancin ɓarin da ake yi a farkon ciki daga tangarɗar halittar ɗan tayi yake, ba daga ƙarancin sinadarin ba. Likita yakan ba da furojestaron ga wasu mata, kamar mai gajeren bakin mahaifa, ko wadda ta ga jini alhali ta taɓa yin ɓari, amma sai bayan ya duba ta. Kada a saye shi a kemis bisa shawarar maƙwabta.

Mai cikin da ta ga jini, a kai ta asibiti nan take. Wajibi ne kuma maigida ya ga iyalinsa ta fara zuwa awo kafin ciki ya wuce wata uku. Rigakafi ya fi magani.