Gari ɗaya, me ya sa wakilanmu suka bambanta?

Tambaya: Malam, ina zaune a Minanata, yayana yana Arkilla, ƙanwarmu tana aure a Kwannawa. Duk Sakkwato muke, amma a zaɓen 2023 kowannenmu ɗan majalisar tarayya daban ya zaɓa. Wa ya raba mu haka? — Mai karatu daga Minanata.

Amsa: Ɗan'uwa, birnin ne ya girma ya tsallake iyakokin da aka shata masa. Minanata tana cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, wadda aka haɗa da Sakkwato ta Arewa suka zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai. Arkilla ƙasar Wamakko ce, mazaɓar Kware da Wamakko. Kwannawa kuwa ta Dange-Shuni ce, tare da Bodinga da Tureta. A kujerar sanata kai da yayanka kun haɗu a yankin Sakkwato ta Arewa, inda Aliyu Magatakarda Wamakko ya ci, ita kuma ƙanwarku ta faɗa yankin Kudu, inda Aminu Waziri Tambuwal ya ci.

Waɗannan iyakoki tun 1996 aka shata su, zamanin Janar Sani Abacha. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da kujeru 11 daga cikin 360 na Majalisar Wakilai, kuma ko taku ɗaya ba a gusa da iyakokin ba. Alhali sashe na 73 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC sake duba mazaɓu, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, don yawan jama'arsu ya yi kusa da juna. Sai dai duk gyaran da ta yi sai Majalisar Tarayya ta amince, wato mutanen da gyaran zai iya raba su da kujerunsu. Ga shi kuma rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. Abin da aka iya yi a 2021 shi ne ƙara rumfunan zaɓe, wanda ya rage dogon layi amma bai taɓa iyaka ba.

Wannan abu yana damuna ƙwarai. Magudanar ruwan da ta toshe da damina ba ruwanta da inda Sakkwato ta Kudu ta ƙare. Amma matar da ke Kwannawa, wadda kasuwarta da asibitinta duk cikin birni suke, wakilinta hankalinsa ya rabu har Tureta. Mazaɓar da ta cika maƙil da jama'a kuwa, darajar ƙuri'ar kowane mutum a cikinta raguwa take yi.

Ka duba katin zaɓenka, sunan ƙaramar hukumarka yana jiki. Wanda ya yi ƙaura ya nemi a mayar masa da rajista unguwar da yake kwana idan INEC ta buɗe rajista. In 'yan takara sun zo Minanata neman ƙuri'a, ku tambaye su a bainar jama'a ko za su goyi bayan sake shata mazaɓu.