Filin Shawarwari: Zaman Jego a Niyok Cikin Tsakiyar Hunturu, Ba Mota

Wasiƙar wannan makon ta shafi tafiya zuwa birnin Niyok na ƙasar Amurka a watan Janairu, wanda shi ne watan da sanyi ya fi tsanani a can, kuma ta fito ne daga wata uwa mazauniyar unguwar Nima a birnin Akra na ƙasar Gana, wadda ta roƙi a sakaya sunanta, don haka za a riƙa ambatonta da Hajiya.

Wasiƙar

Hajiya ta bayyana cewa shekarunta sun haura 55, kuma 'yar autarta, wadda ke aure a yankin Bronx kusa da babban titin Grand Concourse, tana sa ran haihuwar fari a farkon Janairu. Da yake dawowa gida wanka bai yiwu ba, shawara ta tsaya a kan uwa ce za ta je ta zauna mata har a yi arba'in, kuma biza ta fito, an sayi tikiti. Abin da ke hana ta barci shi ne surukin nata ba shi da mota, yana fita aiki tun da asuba, ita kuwa ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, ga ciwon gwiwa da ke taso mata duk lokacin da gari ya yi sanyi. Ba ta son ta je taimako ta koma kaya, tana so ta iya raka 'yarta asibiti, ta yi cefane, ta halarci Juma'a, ta kuma ga gari ko kaɗan ne. Tambayoyinta su ne ko ya dace a nema mata direba na tsawon zamanta, ko ta haɗa kayan sanyi daga kasuwar gwanjo ta Kantamanto, ko kuwa ta bi maganar 'yan'uwan da ke cewa ta ɗage tafiyar zuwa bazara.

Amsa

Daga cikin abubuwan da Hajiya ta lissafa, rashin mota shi ne mafi sauƙi, domin fiye da rabin gidajen Niyok ba su mallaki mota ba, kuma da yawa daga masu ita kan ajiye ta idan dusar ƙanƙara ta sauka, saboda wahalar tono ta da neman wurin ajiyewa. Birnin ya ginu ne a kan jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1904, yana da tashoshi 472, yana aiki dare da rana ba hutu, ga kuma bas-bas da ke bin manyan tituna. Kuɗin shiga kimanin dala 3 ne komai nisan tafiya, ana biya ta tsarin da ake kira OMNY, wato mutum ya ɗora katin banki ko waya ko katin OMNY ɗin kansa a kan na'urar bakin ƙofa, ƙofa ta buɗe. Wanda ya sauka daga jirgi ya hau bas cikin awa biyu da kati ɗaya ba ya sake biya, wanda kuma ya biya sau 12 cikin kwana bakwai da kati ɗaya, ragowar tafiye-tafiyensa na kwanakin kyauta ne. Ɗaukar direba na mako shida ɓarnar kuɗi ce da za ta fi amfani a kan mai jego da jariri.

Inda ya kamata hankalin Hajiya ya tsaya shi ne 'yan mintunan da ke tsakanin ƙofar gida da cikin jirgi, domin gidaje da jirage da bas-bas da kantuna duk a ɗumame suke, sanyi kuwa yana samun mutum ne a kan titi, a wurin jiran bas, da kuma kan dandamalin tasha. Duk shirin tafiyar ya tattaru ne a kan rage waɗannan mintuna da kuma sa tufafin da za su ɗauke su.

Kafin tufafi akwai batun ma'auni, wanda ya sha ruɗa baƙi. Amurka tana auna zafi da ma'aunin Farenhait, Gana kuwa da na Selshiyos, kuma a na Farenhait ruwa yana daskarewa ne a digiri 32, ta yadda idan waya ta nuna 30 a Niyok, lambar da a Akra ke nufin gumi da fanka, a can tana nufin ruwan da ya kwana a waje ya zama ƙanƙara. Digiri 50 nasu shi ne 10 na Selshiyos, 14 kuma shi ne 10 ƙasa da sifili. A Janairu yanayin birnin yakan yi ta kai da kawowa kusa da sifili na Selshiyos, amma masu hasashen yanayi suna bayar da lamba ta biyu, ta sanyin da jiki ke ji idan an haɗa da iska, kuma wannan ce ta fi cancantar a duba, saboda iska tana share ɗan ɗumin da fata ke tarawa a kewayenta, sai jiki ya ji kamar an ƙara sanyin da digiri da dama.

Wannan iskar ce ta sa zaman 'yar Hajiya kusa da Grand Concourse ya zama sa'a. Layuka biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a wannan ɓangare na Bronx, tazararsu 'yan tituna kaɗan: jirgi mai alamar D yana bin ƙarƙashin ƙasa, ƙasan Grand Concourse ɗin, jirgi mai lamba 4 kuwa yana bin gadar ƙarfe da ke saman titin Jerome Avenue, inda mai jira ke tsaye a sarari, iska na dukansa ta ko'ina. Duka biyun suna shiga tsakiyar Manhattan, amma ranar da iska ke kaɗawa, mai ciwon gwiwa ta zaɓi D. A guguwar Janairun 2016, lokacin da dusar da ta zuba a lambun Central Park ta kai kusan santimita 70, an dakatar da bas-bas da jiragen da ke bin sarari, na ƙarƙashin ƙasa kuwa suka ci gaba da aiki. A irin wannan rana hikima ita ce zaman gida, kuma akan sanar da zuwanta tun da kwana ɗaya ko biyu.

Game da tufafi, ƙa'idar da mutanen ƙasashen sanyi suka dogara da ita ita ce hawa-hawa, wato riguna marasa nauyi guda biyu ko uku sun fi ƙatuwa guda ɗaya, domin iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma ana iya cire ɗaya idan an shiga jirgi mai zafi. Ta farko ita ce riga da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba, ban da auduga, saboda auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma sanyi a jiki. Ta biyu suwaita, ta uku doguwar kwat mai kauri da ke tare iska, wadda ta sauko ƙasa da gwiwa. Atamfa da abaya da hijabi duk suna zama a kan waɗannan ba tare da an taɓa sutura ba, illa dai zanen da ke jan ƙasa zai kwashi ruwa, don haka a ɗaura shi sama da idon sawu kaɗan, wando da safa su rufe sauran. Hular ulu a ƙarƙashin hijabi da safar hannu wajibi ne, domin kunne da yatsu da hanci su sanyi ke fara ci, kuma idan fatarsu ta daskare takan mutu da ji kafin ciwo ya bayyana. Rigunan ciki da suwaita ana iya samunsu a Kantamanto, kwat ɗin kuwa gara a bari a saya a can, inda aka san wadda ke aiki da wadda ado ce kawai.

Takalmi ya fi kwat muhimmanci, ko da yake shi baƙo ya fi rainawa. Dusar ƙanƙara a birni ba ta daɗewa fara, domin ana watsa gishiri a titi don ya narkar da ita, motoci su tattake ta, sai ta zama wani ruwan toka-toka mai kauri da ke taruwa a kusurwar titi, daidai inda mai tafiya zai sauka daga dakali ya tsallaka. Samansa yakan yi kama da busasshiyar ƙasa, mutum ya taka, ƙafa ta nutse har idon sawu, ruwan ƙanƙara ya cika takalmi, kuma ƙafar da ta jiƙe ba ta sake ɗumama sai an koma gida. Da dare wannan ruwa yakan sake daskarewa ya zama siririn gilashi da ido ba ya gani a kan kwalta da matakalar tasha, shi ne ke kayar da mutane da safe. Maganin duka biyun takalmin but ne wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasan roba mai tsaga-tsaga, wanda ya ɗara ƙafa kaɗan don safar ulu ta samu wuri, sannan tafiya da gajeren taku, hannu a waje ba cikin aljihu ba, ana riƙe ƙarfen matakala. Yawancin tashoshi ba su da lifta, abin da ya kamata mai ciwon gwiwa ta sani tun da wuri; bas ya fi jinkiri, amma yana iya durƙusawa a bakin dakali don dattijai su hau, kuma ga cefane da zuwa asibiti na kusa shi ya fi.

Rana ma gajera ce. A farkon Janairu tana fitowa wajen ƙarfe 7:20, ta faɗi wajen 4:40 na yamma, Azahar kusan 12, La'asar jim kaɗan bayan 2, ta yadda wanda ya fita bayan Azahar da niyyar yawo zai ga Magariba ta riske shi a hanya. Fita ɗaya a rana, tsakanin hantsi da La'asar, ta isa. Alwala a gida kafin fita ta fi sauƙi, kuma hukuncin shafa a kan huffi yana da kyau Hajiya ta tambayi malaminta tun tana Nima. Masallatan mutanen Afirka ta Yamma suna da yawa a Bronx, cikinsu har da na 'yan zango, inda za ta ji Hausa kamar ba ta bar gida ba, kuma abokiyar tafiya ta farko daga nan za ta fito.

A cikin tasha kalmomi biyu ne za ta haddace daga allo: Downtown na nufin jirgin da ya nufi kudu, wato cikin Manhattan, Uptown kuma mai komawa arewa wajen Bronx. Wasu jirage suna tsayawa a kowace tasha, wasu suna tsallake da dama, kuma a ƙarshen mako akan sauya hanyoyi saboda gyara. Kwandastan jirgi yana taragon tsakiya, nan ya fi dacewa da baƙuwa, a tsaya kuma bayan layin rawaya na bakin dandamali. Sanyi yana cinye batirin waya da sauri, saboda haka adireshin gida da lambar suruki su kasance a rubuce a takarda cikin aljihun kwat. Ganin gari ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: jirgin ruwan Staten Island kyauta ne, tafiyar kimanin minti 25 ce, yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'Yanci, kuma ana kallo ta taga daga cikin ɗumi.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin ɗaki, kuma a nan filin nan zai yi magana da kakkausar murya. Dokar birnin ta wajabta wa masu gidajen haya su ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana kada ɗaki ya gaza digiri 68 na Farenhait, wato 20 na Selshiyos, idan waje ya yi sanyi, kuma wanda aka hana ɗumi yana kai ƙara ta lambar 311. Al'adar jego ta saba da kasko da garwashi, amma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke sa mutum barcin da ba ya tashi, haka ma barin murhun girki a kunne don ɗumama gida. Hitar lantarki ma ba a barinta a kunne a kwanta, ba a kuma shanya kayan jariri a kanta. A ranar 9 ga Janairun 2022 gobarar da ta tashi daga irin wannan hita a wani dogon bene a Bronx ta kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan asalin Gambiya, kuma hayaƙi ne ya kashe su bayan ya bi ta ƙofofin da suka tsaya a buɗe. Ruwan zafi na famfo ya wadatar ga wanka, gwargwadon abin da likita ya yarda da shi, musamman idan an yi wa mai jego aiki. Ɗumin gidajen yana busar da fata, don haka man kaɗanya ya cancanci wuri a akwati, kilishi da duk wani nama kuwa an hana shiga da su, sauran kayan miya kuma dole a bayyana su ga jami'an kwastan. Inshorar lafiya ta matafiya da maganin gwiwa na tsawon zama su ma a tanade su daga gida, domin asibitin Amurka yana da tsada ƙwarai.

Saura ranar sauka. Akwai hanyar jirgi daga filin jirgin saman JFK har Bronx, amma tana buƙatar canji sau biyu da hawa matakala da akwatuna, bayan tafiyar kusan awa 11 a sama da bambancin awa biyar a agogo, kuma wannan ce rana ɗaya da kuɗin tasi ya halatta. A bi layin tasi masu launin rawaya da ke bakin fita, a yi kunnen uwar shegu da masu tarar mutum a cikin zaure suna tallan mota. Hukuncin filin nan shi ne kada Hajiya ta ɗage tafiyarta, kada kuma ta ɗauki direba. Ta aika wa surukinta lambar takalminta da awon kafaɗarta tun yanzu, shi kuma ya tare ta a cikin zauren filin jirgi da kwat da but da safar hannu, ta sa su kafin ta taka waje. Allah ya sauki mai ciki lafiya, ya kai Hajiya ya dawo da ita lafiya.